Tsakanin Ɗaurin Aure da Tarewa

Da sunan Allah nake ci gaba da wannan rubutu, Shi ne masanin abin da ƙiraza suka ɓoye. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

'Ya'yana da jikokina, da fari ban yi niyyar sa wannan babi cikin abin da nake rubuta muku ba, domin biyu daga cikin masu labarin suna raye, kuma ba kowace gaskiya ake shanyawa a tsakar gida ba. Abin da ya sauya mini shawara shi ne wata magana da na ji bara a unguwar Ajilari, a wurin zaman makokin Alhaji Jidda, Allah ya jiƙansa. Idona ya yi rauni amma kunnena bai tsufa ba. Ina zaune a kan darduma sai na ji wani saurayi a bayana yana gaya wa abokinsa cewa ai marigayin nan shi ne ya taɓa auren 'yar Malam na Gwange, ya fasa kafin ta tare, wai don ya ji wani abu a kanta. Abokin ya ce a'a, shi yadda ya ji, Malam ne ya ƙwace 'yarsa bayan an ɗaura. Na waiwaya ban gane su ba. Amma na gane cewa idan na koma ga Allah ban yi magana ba, ɗaya daga cikin ƙarairayin nan biyu ce za ta zama tarihi. Na nemi izinin yayarku Falmata da mijinta Bukar, suka ba ni. Saboda haka ga yadda abin ya kasance.

Kun san mahaifina daga Kano ya zo garin nan na Maiduguri da fataucin rinannun tufafi, ya zauna a Gwange, a nan aka haife ni, a nan na yi karatu gaban malaman Barno har suka yi mini izinin zama a zaure. Na auri mahaifiyarku, 'yar Kanuri, kuka taso da harshe biyu. Da Falmata ta isa aure na ba da ita ga Bukar, ɗan unguwar Abbaganaram, mai sayar da bandar kifi. Yaro ne mai kunya, ba ya haɗa ido da ni, yana da rumfa a kasuwa shi da ƙaninsa. Sun haifi 'ya'ya biyu kafin fitinar da ta faɗa wa ƙasarmu ta yi tsanani. A shekarar da hanyoyi suka zama abin tsoro, ya fita wata safiya zuwa bakin tafki saro kifi, bai dawo ba. An samu motar da suka shiga a ƙone a gefen hanya. An ga gawarwaki, ba a ga tasa ba. Waɗanda suka tsira sun ce an kora wasu maza cikin daji, amma babu wanda ya iya rantsewa cewa Bukar yana cikinsu.

Ku fahimci halin da mace ke shiga a irin wannan. Ba matar aure ba ce mai miji a gefenta, ba sakakkiya ba ce, ba kuma mai takaba ba. A rataye take. Shari'a ba ta mance da ita ba, malaman farko sun yi mata babi guda a littattafanmu, suna kiran irin mijin nata mafƙudi, wato wanda ya ɓata aka rasa labarinsa. Ƙofa biyu aka buɗe mata. Ta farko gajera ce: idan mijin bai bar abin da za a ciyar da ita ba, sai ta kai kuka ga alƙali, ya raba auren saboda rashin ciyarwa, kuma wannan saki ne tabbatacce. Mata da yawa a sansanonin gudun hijira ta nan suka fita, babu laifi a kansu, ni kaina na raka wasu. Ta biyu doguwa ce: idan akwai dukiyarsa da ake ciyar da ita, sai alƙali ya sa a yi cigiya, idan aka rasa ya yanka mata shekara huɗu, bayansu ta yi takaba kamar ya mutu, sannan ta halatta ga wani. Ƙanin Bukar bai taɓa fasa aiko da kason yayansa daga rumfa ba, don haka doguwar ƙofa ce ta Falmata. Sai ƙanwar mahaifiyarku, Ya Bintu, wadda ba ta rasa dabara, ta kawo shawara cewa a ce wa yaron ya dakatar da aiken na ɗan lokaci, gajerar ƙofa ta buɗe da kanta. Falmata tana tankaɗe a bakin ɗaki, ta ajiye rariya ta dube ni.

"Baba, me zan ce wa alƙali? In ce Bukar ya bar ni da yunwa? Mutumin da ba ya sa hannu a kwano sai ya ga na ƙoshi?"

Ya Bintu ta ce, "Ke yarinya, shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce. Ƙuruciya ba ta jiran kowa."

"Ta wuce mana, Ya Bintu. Idan jira Allah ya rubuta mini zan jira. Amma ba da bakina za a sa sunansa cikin masu guduwa su bar iyali ba."

Na kai maganar gaban alƙalin unguwarmu na lokacin, wani dattijo mai jinkirin magana, Allah ya yi masa rahama. Malamai sun saɓa kan wanda ya ɓata cikin fitina, wasu sun sauƙaƙa ƙwarai. Shi ya ɗauki mafi tsantseni, ya ce tunda babu wanda ya ga Bukar a cikin yaƙi, kan hanyar kasuwa ya ɓata, to a yi masa jiran da ake yi wa matafiyi. Ya ce da ni, bayan an watse, shi bai iya kashe mutum da alƙalami cikin gaggawa ba. Haka Falmata ta dawo gidan nan da 'ya'yanta, ta zauna. Ba zan bayyana muku waɗannan shekaru ba, manyanku sun gani. Duk ƙarar mota da ta tsaya a ƙofa sai ta ɗaga kai. Da wa'adi ya cika aka koma gaban alƙali, ya ba ta izinin takaba. Ta cire kwalli, ta cire zobe, ta daina turare wata huɗu da kwana goma. Ko da yake tun ranar da Bukar ya fita ba ta sake zama kan kaskon turare ba, kuma ku kun san abin da wannan ke nufi ga 'yar Barno.

Yanzu in gabatar muku da Alhaji Jidda kamar yadda na san shi. Bashuwe ne, kakanninsa makiyaya, shi kuma ya zama dillali babba a kasuwar shanu. Ƙato ne, mai ƙarar dariya, idan ya yi sallama a zaure sai tattabarun kan soro su tashi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma. Da furfura a gemunsa ya zo ya ce in koya masa babin tsarki da salla daga farko, don karatun da ya yi yana yaro ya bi bayan shanu ya watse. Yakan zauna cikin samari bayan asuba, yana bin layi da ƙaton yatsansa, idan ya yi kuskure shi ne farkon mai yi wa kansa dariya. Sayinna yake kirana, yadda mutanen Barno ke kiran malami. Bayan Falmata ta fita takaba ya turo wansa neman aurenta. Na ce bazawara da bakinta take amsawa, ya zo su gana. Ya riƙa zuwa da ƙwaryar kindirmo da man shanu, ya zauna a wannan zaure ya cika ta da labarin saniyar da ta fi dillali wayo da bijimin da ya kori mai karɓar haraji. Wata rana ina daga ciki na ji Falmata ta yi dariya. Mahaifiyarku ta tsaya da abin da take yi, muka dubi juna, domin mun mance da irin sautin. Da na tambaye ta, ta sunkuyar da kai.

"Baba, mutumin kirki ne. Ni kuma na gaji da zama tsakanin rai da mutuwa. Na amince."

Aka ɗaura aure ranar wata Juma'a a ƙofar gidan nan, gaban shaidu, aka raba goro da dabino. A al'adarmu bazawara ba a yi mata dogon biki, yau a ɗaura yau ta tare. Haka na tsara. Sai mahaifiyarku ta tare ni a bakin rijiya, ta gyara lafayarta, na san akwai magana.

"Malam, kai ka san littafi, ni na san mace. Shekara nawa yarinyar nan ba ta ga hayaƙin turare ba? Dubi fatarta, kamar mai noma a fadama. In kai ta gidan Shuwa a haka? Mutanen da ko akuyarsu ƙamshi take? 'Yan'uwansa mata su ce daga ina aka tono ta?"

Na ce, "Aure dai ya ɗauru, kuma alheri ba a jinkirta shi."

"Ya ɗauru, ba zai kwance ba don an jira Juma'a biyu. Auren farko na yi mata gyara, wannan ma sai na yi. Ba marainiya ba ce."

Na aika wa Alhaji Jidda ina ba shi haƙuri. Ya zo da kansa yana dariya, ya ce ai shi ɗan Shuwa ne, ya san babu sarkin da ke shiga tsakanin mata da kaskon turare. Ya ce dama yana da shanun da zai ɗauko a wata kasuwa ta kan iyaka, sai ya je ya zaɓo bijimin walima da idonsa. Aka kira Hajja Amma, tsohuwar da ta shahara da dilka, wato murzar jiki da ake yi wa amare, ta kafa sansani a ɗakin baya. Gida ya cika da hayaƙin turaren wuta, ana ta haɗa humra a kwalabe, har ɗalibaina a zaure suna karatu suna tari. Na ce da su su yi haƙuri, wannan babi ne na ilimi da ba a rubuta shi a takarda ba.

Tarewa saura kwanaki kaɗan, bayan sallar la'asar, Alhaji Jidda ya yi sallama. Tattabaru ba su tashi ba. Ya shigo da ƙurar hanya a rigarsa, ya ƙi hawa shimfiɗar da na nuna masa ta suruki, ya zauna a ƙasa inda ɗalibai ke zama. Ya jira kowa ya fita.

"Sayinna, mas'ala na kawo."

"Allah ya sa mu sani."

"Matar da mijinta ya ɓata, ta yi jira, ta yi takaba, aka ɗaura mata aure da wani. Sai na farkon ya bayyana da rai. Ta wane ce?"

Wanda aka tambaya ilimi ba shi da damar ɓoyewa. Na ce masa malamanmu sun rarrabe. Idan ta riga ta tare, na biyu ya sadu da ita bai san na farko yana raye ba, to ta zama tasa, na farko ya rasa ta. Idan kuwa ba ta tare ba, auren na biyu ya warware, tana nan matar na farko, ba a ma buƙatar sabon ɗauri.

"To idan na biyun ya sani, amma ya yi shiru har ta tare?"

"Ba ta halatta gare shi ba."

"Idan babu wanda ya san ya sani fa? Babu shaida, babu kowa?"

Na ce, "Alƙali da zahiri yake hukunci. Zai ba shi ita. Ni ma idan aka tambaye ni sai in ce tasa ce. Daga nan kuma ba mu da hannu, ya rage shi da Wanda ba ya buƙatar shaidu."

Sannan ya ba ni labari. Ya ce a kasuwar kan iyaka, ana lodin shanunsa a mota, akwai wani ramammen mutum mai ɗingishi cikin masu jan igiya. Mutumin ya ji direba yana kiran sunan Maiduguri, sai ya matso ya tambaya cikin sanyin murya ko akwai wanda ya san Gwange. Alhaji ya ce ya sani. Mutumin ya ce ko ya san gidan malam wane, ya faɗi sunana. Ya ce shi surukin gidan ne, sunansa Bukar. Ya ce shekarun nan duka a tsare yake a wani tsibiri cikin tafki, ana sa shi kamun kifi da banda ƙarƙashin bindiga, bai daɗe da kuɓuta ba, an harbe shi a ƙafa wajen gudu. Yana tsoron dawowa, domin ya ji cewa duk wanda ya fito daga daji kallon ɗan daji ake yi masa. Abin da yake so kawai a gaya masa ko matarsa da 'ya'yansa suna raye. Bai san da wa yake magana ba. Babu wanda ya ji su, shanu suna ta kuka.

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu yana can?"

"Yana gidana a Ajilari. Na sa an yi masa aski, ya yi wanka, ya ci abinci."

"Ka taho da shi? To me ya sa ka tambaye ni, alhali ka riga ka yanke?"

"Sayinna, na san zuciyata. Da na fara tambaya kafin in ɗauko shi, da na yi ta yawo daga zaure zuwa zaure har in samu malamin da zai ba ni amsar da nake so. Shi ya sa na sa shi a gaban mota kusa da ni, inda ba zan iya mance da shi ba. Tambayar kuma na yi ta ne ko Allah zai sa akwai wata ƙofa da ban sani ba." Ya goge fuska da hannun riga. "Ashe babu."

Na karanta wannan babi sau da yawa, na karantar da shi ga ɗalibai masu kaifin fahimta, wasu sun haddace shi da saɓanin malamai a kansa. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauke shi a kafaɗarsa ya yi tafiyar yini guda da shi ba sai ranar.

Na shiga gida. Falmata tana zaune kan tabarma, an ɗaure mata lalle hannu da ƙafa, mata kewaye da ita suna ta shewa. Na sa aka sallami baƙi, na faɗa musu. Mahaifiyarku ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Hajja Amma ta yi salati ta rufe kasko. Falmata ba ta yi kururuwa ba. Hawaye ya riƙa zubo mata, ga hannuwa a ɗaure ba ta iya sharewa, har uwarta ta matso ta share mata da bakin lafaya. Ya Bintu ce ta fara samun baki.

"Shi Alhajin wane irin mutum ne? Wa ya aike shi? Da ya yi shiru zuwa Juma'a ba shi ke nan ba? Ga gida, ga rufin asiri, ya je ya kwaso mana gurgu!"

Mahaifiyarku ta ce, "Bintu, rufe mana baki." Sannan ta dube ni. "Malam, ni na jawo. Da na bar ta ta tare ranar da ka ce, da yanzu tana ɗakinta."

Na ce, "Da kuma Bukar ya dawo ya tarar an rufe masa ƙofa har abada. Ba ke kika jinkirta ba. An jinkirta da ke ne."

Aka koma gaban alƙalin nan dai, ya ƙara tsufa. Ya saurari kowa, ya kira ƙanin Bukar da mutum biyu daga Abbaganaram suka shaida cewa shi ne, domin ni kaina da ƙyar na gane shi. Ya bayyana hukunci kamar yadda na faɗa: auren Alhaji ya warware, Falmata matar Bukar ce. Sai Bukar ya nemi izinin magana.

"Allah ya gafarta malam, ni an riga an yi mini takaba. Ba ni da ƙafa, ba ni da komai, barci ma ba na iya yi kamar mutane. Wannan bawan Allah ya fi ni abin riƙe ta. Idan tana so zan sake ta, ta yi idda, a sake ɗaura musu. Ba zan riƙe ta da hukunci ba."

Alƙali ya ce wannan hanya ce halattacciya, kuma tunda mijin ya miƙa mata zaɓi, sai a ji ta bakinta. Kafin ta buɗe baki Alhaji Jidda ya miƙe, ya ce a ba shi izini ya fita waje, kada ta ga fuskarsa ta amsa don kunya. Ya fita. Ƙamshin turaren da aka yi kwanaki ana yi mata ya cika ɗakin, ga jan lalle a hannunta. Ta yi magana ba ta ɗaga kai ba.

"Allah ya gafarta malam, na roƙi Allah ya dawo da shi har na gaji na daina roƙo. Yau ya dawo da shi. Idan na ce ba na so, da wace fuska zan sake ɗaga hannu in roƙi wani abu? Uban 'ya'yana ne, zan koma ɗakina. Amma ina so a ji, a kuma gaya wa Alhaji, cewa ban ga komai daga gare shi ba sai alheri. Da Allah bai yi haka ba, da na zauna da shi da farin ciki. Ba zan ɓoye wannan ba ko a gaban Bukar."

Bukar ya ce, "Ni ma na shaida."

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama daɗi. Unguwa ba ta karɓi Bukar da sauƙi ba. Akwai waɗanda suka daina tsayawa kusa da shi a sahu. Da aka kai maganarsa gaban bulama, mai unguwa ke nan, aka ce sai an samu babban mutum ya tsaya masa kafin a bar shi ya zauna, Alhaji Jidda ne ya je ya tsaya, har wajen hukuma ya raka shi aka yi masa tambayoyi aka sallame shi. Falmata ta sha wahala. Mijin da ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba, yakan firgita cikin barci, yakan yi kwanaki ba ya magana, ƙamshin bandar kifi ma ba ya iya jurewa, dole ya bar rumfa ya koma sayar da hatsi a tire. Ita ta riƙe gidan da ɗinkin hula. Shi kuwa Alhaji, kasuwar shanu ba ta raga masa ba. Dillalai suka sa masa suna angon da ya kai wa kansa sammaci. Idan ya taya bijimi, sai wani ya ce, "Alhaji, ka tabbata mai shi na farko ba zai dawo ba?" Yakan yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta ƙara tayar da tattabaru ba. Bijimin da ya zaɓo don walima ya sa aka yanka aka kai gidan Bukar, ya ce na barka da dawowa ne. Bai sake aure ba. Bai kuma fasa zuwa karatu ba, sai dai ya daina shigowa ta ƙofar da ke kallon cikin gida.

Shekara biyu kafin rasuwarsa, wata safiya bayan ɗalibai sun watse, muna shan shayi, na yi masa tambayar da na daɗe ina riƙewa. Na ce ko ya taɓa yin nadama.

"Sayinna, kai ma? Kullum mana. Duk ranar da na koma gida na tarar babu hayaƙi a madafa sai na ce, Jidda, kai wawa ne." Ya juya kofin a hannunsa. "Amma nadama iri biyu ce. Akwai wadda kake iya shiga masallaci da ita, ka ɗaga hannu ka gaya wa Allah. Akwai wadda idan ka zo ƙofar masallaci sai ta riƙe maka ƙafa. Ni na zaɓi wadda zan iya ɗauka."

Ga abin da nake so ku riƙe, ku da za ku aurar kuma ku yi aure a zamanin da kowa ke neman ƙofar baya. Shari'a ta auna wa matar nan shekarunta, ta tsare haƙƙin wanda ba ya nan, ta ja layi tsakanin ɗauri da tarewa, kuma duk da hikima ta yi. Amma a ƙarshe ta jingina hukuncin gaba ɗaya kan abu guda, ko mutum ya sani ko bai sani ba, kuma wannan babu alƙalin da ke iya leƙa shi. Ta bar shi amana a ƙirjin mutum. Ba a fasa auren yayarku don wani aibi ba, ban kuma ƙwace ta daga hannun kowa ba. Wanda aka ba wa ita, shi ne ya mayar da ita.

Ranar da ya rasu, muna tsakar gidansa ana shirin yi masa sutura, sai ga Bukar yana jan ƙafa, riƙe da wata tsohuwar kwalba da aka toshe bakinta da tsumma. Ya miƙa wa babban ɗan marigayin, ya ce Falmata ce ta aiko, da saninsa da yardarsa, a turara likkafani da shi. Cikin turaren da Hajja Amma ta haɗa don waccan tarewa ne. Ta ajiye kwalba ɗaya shekarun nan duka, ba ta taɓa buɗewa ba. Yaron ya dube ni yana neman fatawa, na ce turara likkafani abu ne mai kyau, a yi. Aka kawo kasko aka zuba. Da hayaƙin ya tashi sai na gane shi, shi ne ƙamshin da ya cika ɗakin alƙali a waccan rana.

Bukar ya tsaya har hayaƙin ya ratsa farin ƙyallen, sannan ya ce, "Ta ce a gaya muku, dama nasa ne."

Allah ya jiƙan Alhaji Jidda, ya sa ƙamshin Aljanna ya tarbe shi, ya ba mu irin ƙirjinsa a ranar da babu mai ganinmu.